Tsohon Hoto da Aikin Gwanaye

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, idan dattijo ya rasu aka zo rabon gado, aka buɗe adakarsa, a kan tarar da tsofaffin takardun haraji, da ɗan littafin addu'a, da kwalbar turare wadda ta daɗe da bushewa. Can ƙasa kuma a sami hoto guda ko biyu, baƙi da fari, gefensa ya yi ja, gara ta ɗan lashi kusurwarsa. Magada su kan karɓa su yi ta miƙa wa juna, wannan ya yi dariyar naɗin rawani, wancan ya ce ashe Baba ma ya taɓa zama saurayi, daga nan a mayar da shi inda aka ɗauko. Ba safai a kan sami wanda zai tsaya ya dubi abin da ke bayan mutumin, ko abin da ke jikinsa ba. Alhali kuwa sau da yawa wannan 'yar takarda ita kaɗai ce shaidar da ta rage ta aikin gwanaye biyu ko uku, waɗanda aikinsu ya rushe ko ya yage, sunansu kuma ya ɓace. Saboda haka ya kamata a san yadda a ke duban tsohon hoto, a san abin da ya iya riƙewa, a kuma san abin da ya kuɓuce masa.

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya hikimar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa, amma ta daɗe ba ta iso ƙasar Hausa ba. Sa'ad da Baturen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya ga marina da masaƙa da Kasuwar Kurmi, da alƙalami ya rubuta abin da ya gani, da hannu kuma ya zana. Hotuna ba su yawaita ba sai bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Daga nan har zuwa samun mulkin kai a 1960, hotunan da aka ɗauka sun kasu kashi biyu, kowane kashi kuwa da alherinsa da aibinsa.

Kashi na farko shi ne na Turawa, watau jami'an mulki da matafiya. Su abin da ya fi ɗauke musu hankali shi ne sarakuna a kan dawaki, da 'yan lifidi, da ganuwa, da dalar gyaɗa ta Kano, da manyan taruka irin hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Ba za a hana su yabo ba. Akwatunan hotonsu masu kyau ne, waɗansunsu kuma sun san lokacin da ya dace, suna jira sai rana ta karkata, inuwa ta kwanta cikin kowane lungu na zanen bango, har mai kallo ya ji kamar ya sa yatsa ya shafa. Ginin ƙasa ba ya bukatar launi, haske da inuwa sun ishe shi, don haka hoton baƙi da fari ya fi kowane dacewa da shi. Amma aibinsu babba ne. In aka dubi rubutun da ke ƙarƙashin irin waɗannan hotuna, a kan ga sunan Razdan, da na Sarki, wani lokaci har da na Waziri. Da an zo kan mai sana'a, sai a ga an rubuta "wani maɗinki a Kano", ko "magina suna aiki". Mutumin da ya shekara talatin yana koyon sana'arsa, ya zama kamar itacen da ke gefen hanya.

Kashi na biyu shi ne na mai hoton gari, wanda ya kan kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bakin kasuwa ko kusa da tasha, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya ce kada a motsa. A nan mutum shi ya ke zaɓar yadda ya ke so jikokinsa su gan shi. Ya kan ɗauko rigarsa ta Salla, ya ja hannunta don agogo ya fito, ya jingina kekensa kusa da shi, ko ya ɗora akwatin rediyo a cinya. Waɗansu su kan raina irin wannan hoto, su ce ai shiri ne, ba haka mutane su ke zaune kullum ba. Gaskiya ne shiri ne, amma shirin ma labari ne, gama yana nuna abin da mutanen wancan zamani su ke ganin girmansa. Inda mai hoton gari ya yi kuskure shi ne labulen nan da ya kan rataya a baya, mai zanen benaye da furannin wata ƙasa, wanda ya rufe ainihin garin. Hoton da ya fi daraja cikin dukkan kashin biyu shi ne wanda aka ɗauka a ƙofar gida, mai gida tsaye da rigarsa, zaurensa a bayansa. A irin wannan ne a ke ganin aikin magini da na maɗinki tare.

To, sai a fara da bango. Wanda ya ke son ya san iyakar inda ginin Hausa ya kai, sai ya nufi Zariya. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Muhammadu Durugu, mai sarautar Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na birnin. Kayan aikinsa ba su wuce waɗanda kowane magini ya sani ba: tubali, da ƙasa kwaɓaɓɓiya, da azara ta giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Ita azara gajeriya ce, ba ta iya ɗaukar nauyin rufi in ɗaki ya yi faɗi. Dabarar magina ita ce a dasa ta cikin bango hawa hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarori biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Babban Gwani ya ɗauki wannan dabara ya kai ta inda ba wanda ya kai ta. Bakunan gizonsa suna tashi daga ginshiƙai, su rarrabu, su sake gamuwa a ƙarƙashin tulluwa, sai ka ce rassan itatuwa a kurmi. Adon da ke jikin ginshiƙan kuwa da hannu aka fitar da shi tun ƙasa tana ɗanya, kuma bai yi yawan da zai ɗauke hankalin mai salla ba. Ana ba da labari cewa wani sarki ya sa ya yi masa gini, da ya gama sai ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Ko labarin ya tabbata ko bai tabbata ba, yana nuna cewa mutanen da sun san darajar gwani, har suna kishi a kansa. A cikin shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti wanda ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon masallacin. Yau wanda ya ke son ganin yadda siffarsa ta waje ta ke a da, ba shi da inda zai dosa sai tsohon hoto.

Abin lura a ginin irin su Babban Gwani shi ne, da wuya a sami ado wanda ba ya aikin komai. Indararo yana jefa ruwan sama nesa da gindin bango. Makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, tana ba bango launi ja mai duhu, tana kuma hana ruwa shiga. Laso, wanda a ke haɗawa da katsi na marina, haka nan. Zankwaye a kusurwoyin soro suna ƙara wa gida kwarjini, suna kuma danne inda ruwa ya fi saurin ci. Zanen ƙofar zaure ma yana da aikinsa, gama shi ya ke gaya wa baƙo inda zai yi sallama, da irin mutumin da zai tarar.

A shekarun 1950, da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun mutane, zanen gida ya ɗauki wani sabon salo a Zariya. Aka fara shafe fuskar zaure da siminti, a yanka zane a jiki, a bi da fenti. Kusa da dagi da takobi sai ga keke, da agogo, da mota, da jirgin sama. Wani Bature, Kirk-Greene, ya tattara labarin irin waɗannan gidaje a ɗan littafi a 1963. Akwai masu ganin cewa shigowar keke bango ita ce farkon lalacewa. Wannan hukunci ya yi tsanani. Maginin da ya zana keke, ya daidaita ƙafafunsa biyu da da'irorin da ke gefe, ya bar fili inda ya kamata, bai saɓa wa ƙa'idar kakanninsa ba, ya dai zana abin da idonsa ya gani a zamaninsa, kamar yadda na da suka zana takobi. Lalacewa ta zo ne sa'ad da aka daina aunawa, aka cika bango tun daga ƙasa har sama da launi bakwai, ido ya rasa inda zai huta. Dagi kansa, tun da ya zama alamar Jihar Arewa a zamanin Sardauna, ya shiga hannun kowa, har ya kai ana manna shi a ƙofar ƙarfe da jikin tankin ruwa, a karkace, ba a san inda zarensa ya shiga da inda ya fita ba. Dagin kirki kuwa, in aka ɗora yatsa a kan zarensa aka bi, sai ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, ya komo inda ya faro ba tare da ya tsinke ba. Wannan jarrabawa ce da yaro ma zai iya yi.

Sai riga. Babbar riga ta da aikin mutane da yawa ce. Mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa shi sirara sirara, marini ya tsoma a shuni, maɗinki ya harhaɗa, mai zane ya fitar da siffa da tawada, mai surfani ya bi da allura wata da watanni, daga bisani mabuga su buga ta a kan gungume har ta yi ƙyalli. Zaren adon kuwa ko tsamiya, ko alharini da fatake su ke kawowa ta hamada. A tsohon hoto, in an kawo shi kusa da ido, a kan ga aska biyu ko aska takwas sun sauko daga wuya zuwa babban aljihun da ke hagu, kowace da tsininta, tambari kuma yana gefe guda. A nan ma ado yana aiki, domin wuya da bakin aljihu su ne inda riga ta fi shan wahala, surfani kuwa shi ya ke ƙarfafa su. Wani abin da ya kamata a lura da shi, rigar ba ta daidaita dama da hagu ba. Nauyin ado yana gefe guda, ɗaya gefen an sassauta masa. Mai zane ya san cewa mai riga zai naɗe hannuwanta a kafaɗa, zai yi tafiya, zai hau doki, saboda haka ya zana ta don jiki mai motsi. Aikin inji na yanzu ya fi sauri, ya fi araha, ya kuma sa talaka ya sami rigar Salla, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne. Amma sau da yawa ya kan cika ƙirji dama da hagu da zare mai walƙiya, har rigar ta sandare kamar garkuwa. Laifin ba na inji ba ne, na idon da ya daina rarrabewa ne.

Irin wannan ƙa'ida tana nan ko a makarantar allo. Duk wanda ya taɓa riƙe Alƙur'ani rubutun hannu ya san cewa baƙaƙe da baƙar tawada a ke rubuta su, wasula da ja, hamza da rawaya. Zayyanar da ke gefen shafi kuwa, wata tana nuna sumuni, wata rubu'i, wata izu, wata wurin sujada. Shafin yana da kyan gani, amma kowane launi da kowace da'ira jagora ce ga mai karatu. Yawancin masu zanen riga na da almajirai ne, hannun da ya saba da zayyanar allon sauka shi ne ya zana aska takwas, don haka ba mamaki in an ga kama tsakanin shafi da riga da bango.

Akwai abu guda da ya ke tsaye a ƙofar zauren nan wanda akwatin hoto bai iya kamawa ba, shi ne murya. A wancan zamani waƙa ba ta zauna cikin littafi kaɗai ba. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kan ba jajis waƙoƙinta su kai wa matan ƙauyuka, su haddace, su rera suna aikin gida. A ƙarni na 20 Aliyu Namangi, makaho mutumin Zazzau, ya yi Waƙar Imfiraji, makafi suka ɗauke ta suna bi da ita ƙofa ƙofa, har matan da ba su taɓa riƙe littafi ba suka san ta da ka. Sa'adu Zungur ya sa waƙa ta yi maganar mulki da makomar Arewa, Mu'azu Haɗeja ya sa ta tsawata wa mashaya da masu lalata, su biyun kuma suka rasu a 1958. Aƙilu Aliyu kuwa ya nuna irin yalwar da harshen Hausa ya ke da ita, kamar yadda a ke gani a littafinsa Fasaha Aƙiliya na 1977.

Rubutacciyar waƙa gini ce, tana da ma'auninta. Kari shi ne azararta, amsa-amo shi ne bakan gizon da ke haɗa baiti da baiti, ko ƙwar biyu ce ko ƙwar biyar. Su ma waɗannan aiki su ke yi, domin su ne ke riƙe magana a zuciyar wanda bai iya karatu ba, in kalma ta faɗi kunne zai ji gurbinta. Da wannan a ke gane gwani. Wanda bai ƙware ba ya kan jawo kalma da ƙarfi don kawai ta cika amsa-amo, ko ya cusa Larabcin da shi kansa bai fahimta ba don a ce malami ne. Wannan daidai ya ke da bangon da aka cika da fenti. Gwani kuwa, kalmar da ta zo ƙarshen ɗango ita ce wadda ma'ana ta ke nema tun farko, in aka cire ta aka sa wata, maganar ta rushe.

Amma akwai wata al'ada ta marubuta waƙa wadda ta ba su galaba a kan magina da maɗinka. Bayan sun buɗe da sunan Allah da salati, sun faɗi abin da za su faɗa, da yawansu su kan rufe da ambaton sunansu, da garinsu, da adadin baitocin, sa'an nan su sa ramzi, watau kalmar da in an lissafa haruffanta za a sami shekarar Hijira da aka yi waƙar. Saboda wannan ɗan hattara, yau ana iya cewa wane ne ya yi waƙa kaza a shekara kaza. Magini bai sa ramzi a bango ba, maɗinki bai sa a riga ba, mai hoto kuma, wanda ya ke da damar ya cike musu wannan giɓi, bai tambayi sunansu ba. Ban da Babban Gwani da 'yan kaɗan, sauran duk sun tafi ba suna.

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa kowa ya koma gidan ƙasa. Wanda ya taɓa kwana yana tarar ruwa da ƙwarya cikin watan Agusta, ko ya biya kuɗin yaɓe kowace shekara, ba za a zarge shi don ya sayi bulo da kwano ba. Ba kuma duk abin da ya tsufa ne ya ke da kyau ba, a da ma akwai magina 'yan koyo, da waƙoƙi marasa gishiri. Abin da a ke tsoro shi ne mutuwar ido da kunne. Jama'ar da ta kasa rarrabe aikin gwani da na ɗan koyo, ba za ta biya gwani haƙƙinsa ba. In ba a biya shi ba, ɗansa ba zai gaji sana'ar ba, in kuwa ɗa bai gada ba, an yi asarar abin da ba a rubuce ya ke ba. Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna wanda aka kafa a 1970, da gidan adana takardun tarihi na Kaduna, suna riƙe da abin da su ke iyawa, a Damagaram ma akwai sauran gidaje masu zane a cikin Birni. Amma gidan tarihi ajiya ya ke yi, ba ya haifar sabon gwani. Wannan sai a gida, inda uba zai nuna wa ɗansa riga biyu ya ce masa ga mai kyau, ga dalili.

Yanzu kusan kowane saurayi yana da akwatin hoto cikin wayar da ke aljihunsa, ya kan ɗauki hotuna a yini guda fiye da waɗanda kakansa ya ɗauka duk tsawon ransa, amma ranar da wayar ta ɓace ko ta lalace, sau da yawa sun tafi ke nan. Na adaka kuwa ya shekara saba'in yana jira. Haƙƙinsa ba mai nauyi ba ne. A fitar da shi daga inda laima da gara za su same shi, a sa shi cikin takarda mai tsabta, a sake ɗaukar hotonsa don a sami na biyu. Sa'an nan, tun da sauran tsofaffi a raye, a kai musu shi a tambaye su: wane ne wannan, wace shekara ce, wace unguwa, wa ya gina zauren, wa ya ɗinka rigar, wace waƙa a ke yi a lokacin? Abin da suka faɗa a rubuta shi da fensir a bayan hoton. Wannan shi ne ramzin da mai hoto ya manta bai sa ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma da tsohuwar zuma a ke magani.

Allah ya jiƙan gwanayen da suka wuce, waɗanda aka san sunansu da waɗanda ba a sani ba, ya kuma ba na baya idon gane aikin kirki. Amin.